Makwancin Sandar Ɗuri a Bindigar Kawu

Kawuna, wan mahaifiyata, yana da gona a gindin wani dutse can gaba da Gwaram, yana kuma da bindiga. Duk wanda ya san wurin ya san gonar ba ta nomuwa sai da bindigar. Ƙasa ce baƙa mai albarka, dawa takan yi tsawon da mahayin doki zai shiga ya ɓace. Sai dai a kan dutsen akwai masu jiran rabo. Birai ne, ba jajayen nan masu gudu da an yi tari ba, manyan nan masu fuskar kare da ake ce wa bika. Kowace shekara da dawa ta soma nuna sai su gangaro da matansu da 'ya'yansu, babbansu a gaba, su ɗebi zakkar da babu malamin da ya yanka musu.

Bindigar adaka ce, doguwa, ta kusa kai wa Kawu kafaɗa in ya dasa ta a ƙasa. Wani farke ne ya taho da ita daga kudu tun Kawu yana saurayi. Ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a cusa tsumma, a jefa dalma, a ƙara tsumma, sannan a danna da wata siririyar sanda ta ƙarfe. Sandar ɗuri ke nan. Idan an gama sai a mayar da ita cikin wani kwari da aka fafe a jikin itacen da ke tallafe da bututun ta ƙasa. Kawu bai taɓa yarda wani ya ja kunamarta ba, ko da ɗan cikinsa ne, kuma an shaide shi tun daga Gwaram har ƙauyukan bakin kogi cewa ba ya harbin abu ɗaya sau biyu.

A lokacin ni ina Birnin Kudu, na yi aure, gemu ya fara taruwa. Da safe in ɗauki karatu wajen manya, da yamma in biya wa wasu a zauren mahaifina. Na haddace babin farauta, ina iya faɗa maka wane nama ya halatta da wanda bai halatta ba, alhali ban taɓa kashe abin da ya fi sauro girma ba.

A wata damina Kawu ya zame a kan jiƙaƙƙen dutse ya faɗa kan bindigar. Shi ya tashi da ɗan ɗingishi, ita kuwa itacenta na gaba ya dagargaje tun daga tsakiya har baki. Ya yanke abin da ya rage, ya ɗaure da ɗanyar fata, bindiga ta ci gaba da tashi. Sandar ɗuri ce ta rasa wurin zama. In ya soke ta a ɗamara, da ya durƙusa sai ta soke shi. In ya ajiye ta a ƙasa, da ya bi birai zuwa wani gefen gona sai ya dawo yana lalube cikin ciyawa. Birai kuwa ɗalibai ne na ƙwarai, ba su daɗe ba suka gane cewa bayan tsawa ta farko akwai sarari mai tsawo, har a ci a ɗaukar wa na gida.

Babban ɗan Kawu, taubashina, ya ɗan girme ni, magidanci ne da 'ya'yansa. Ya jima yana bin mahaifinsa da magana a kan su tashi su koma cikin ganuwar Gwaram su nemi gona a kusa. Hujjojinsa masu kyau ne: ana jin labarin mahara daga tsaunukan kudu, ruwa yana da nisa, kuma ya gaji da noma wa biri. Da ya dame shi, sai Kawu ya faɗa a gaban iyali cewa in birai suka cinye dawar bana, zai kwashe ya bi su gari. Magana kuwa zarar bunu ce, kuma Kawu ba mutumin da ke neman mayar da ita ba ne.

Taubashin nawa ne ya kawo min bindigar a kan jaki, naɗe cikin tabarma. Ni da shi kowa yana da'awar ɗan'uwansa bawansa ne, shari'ar da har ya rasu ba a yanke ba. Ya sauke kayan a zaure, ya sha fura, ya isar da saƙo: maƙeran Gwaram sun ce su fartanya da kibiya suka sani, amma an ce akwai wani a Birnin Kudu da ke iya liƙa ƙarfe a jikin ƙarfe.

"Bawana, ka kai masa," in ji shi. "In ya ce ba za ta gyaru ba, kada ka matsa masa. Ka gode masa ƙwarai da gaske."

Ya juya washegari saboda aikin gona, aka bar ni da amana.

Maƙerin nan tare muka yi makarantar allo. Shi ya tsaya tun a ƙananan surori, ya ce tawada ba ta da zafi, ba ya jin daɗin aiki da ita. Mahaifinsa maƙerin baƙi ne, masu garma da gatari. Mahaifiyarsa kuwa daga gidan maƙeran fari ta fito, masu munduwa da zobe. Ya yi wa kakansa na wajen uwa zuga yana yaro, saboda haka ya tashi da hannu biyu, abin da kowane ɓangare yake ɗan kallo a karkace. Alaramma yake kirana, da irin muryar da ba ta nufin girmamawa.

Maƙerarsa rumfa ce ta kara a bayan kasuwa, inda inuwar dutse ke faɗowa da la'asar. Har yau in na ji warin gawayin ƙirya sai in gan ni a can, ga tsofaffi zaune a kan kututture suna jiran a koɗa musu lauje, suna raba sarautu suna kwaɓe waɗansu, ga kaji suna tone toka. Yawancin waɗannan tsofaffi ba su kawo aikin komai ba. Ɗumin wuta ne da hira.

Ya juya bindigar, ya duba, ya ce sabon itace mai tsawon haka zai ɗauki lokaci kafin ya bushe, dawa kuwa ba za ta jira ba. Abin da zai yi shi ne ya yi wa sandar makwanci na ƙarfe: wani siririn ƙarfe da za a kwantar a ƙarƙashin bututun tun daga inda itace ya ƙare har baki, da 'yan zobba biyu a jikinsa inda sanda za ta zura ta zauna. Kafin ya taɓa komai sai da ya cire bututun daga itace, ya kwance toshin gindinsa, ya ɗauraye shi da ruwa. Ya ce a garin su kakansa an taɓa sa bindiga a wuta da ɗurinta a ciki, kuma mai zugar bai ƙara jin kiran salla da kunnen hagu ba. Yana gama faɗin haka ya miƙo min zuga-zugi. Na naɗe hannun riga na zauna.

Daga wata tsohuwar garma ya yanko ƙarfen. Ya buga shi ya miƙe ya sirance, ya yi masa kwari ta fuska biyu, ɗaya don ya rungumi bututu, ɗaya don sanda ta kwanta. Wannan duk aikin masaba ne, wato gudumar maƙera, bai ɗauki lokaci ba. Abin da ya ci rai shi ne daidaitawa. Sai ya shafa baƙin tukunya a jikin bututun ta ƙasa, ya ɗora ƙarfen, ya ɗan goga, ya ɗaga. Inda baƙi ya kama, nan ne ya yi tudu, sai ya bi da magagari. Ya sake ɗorawa, ya sake ɗagawa. Na tambaye shi ko ba a gama ba, tunda ni dai ban ga rata ba. Ya ce tagulla in ta narke kamar tsegumi take, ƙaramar kafa take bi, in ta sami babba sai ta zube ƙasa ta bar ka da kunya.

Da ya gamsu, ya nannaɗe zobban biyu a jikin sandar kanta don su zo daidai da kaurinta, ya zaunar da su. Ya kankare wuraren haɗi har suka yi fari, ya ɗaure komai tam da siraran ƙarafa, ya jera ɓarɓashin tagulla a bakin haɗin, ya barbaɗa tsinadari, wato farin gishirin nan da ke sa tagulla ta gudana. Sannan ya lulluɓe duka da yumɓu da aka kwaɓa da kashin jaki, har bututun ya koma kamar doguwar doya. Aka bar shi a rana ya bushe.

Ranar wuta ya haƙa dogon murhu, ya kori masu hira zuwa can gefe. Na yi zuga har na daina jin kafaɗuna. Shi yana tsugune yana jan bututun kaɗan-kaɗan cikin gawayi, idonsa a kan harshen wuta, ba ya amsa ko gaisuwa. Can sai wutar ta yi wani kore-kore kamar wuyan tattabara. Ya ce tagulla ta sallama. Ya mirgina shi, ya matsa gaba, har kore ya bi tsawonsa duka, sannan ya binne shi a toka ya huce a hankali.

Da aka fasa yumɓun aka kankare, ga makwanci ya zauna kamar da shi aka haifi bindigar, wani siririn layi ruwan zinariya ya bi gefensa. Na ɗauka an gama. Sai ya ce saura abu ɗaya: wuta takan tanƙwara bututu, kuma maƙerin da ya mayar da shi bai duba ba, ɓarawo ne. Ya zura zare ta cikinsa, ya ɗaure bakin zaren biyu a jikin wata sanda mai lanƙwasa kamar baka har ya miƙe, ya ɗaga bututun ya leƙa ta wajen haske. Ya kira ni na leƙa. Zaren ya taɓa bango a farko da ƙarshe, a tsakiya kuwa ya bar rata ta gefe guda. Ya ɗora bututun a kan kututture, ya bi shi da gudumar itace, ya leƙa, ya ƙara, har zare ya kwanta lif daga baki zuwa gindi. Ya ce yanzu Kawu zai iya cire wa ƙuda ido.

Wani maƙwabcin Kawu da ya zo cin kasuwa ya tafi masa da ita. Ni kuma na koma ga littattafaina da kumburarrun hannuwa da jin cewa na yi zumunci.

Ba a jima ba, wata rana da hantsi, sai ga Kawu da kansa a ƙofar zaurenmu, mutumin da rabonsa da Birnin Kudu tun bikin mahaifiyata. Ƙura har gwiwa, bindiga a kafaɗa. Bai zauna ba, ya ce in kai shi wajen mai gyaran gangar Auzinawa.

A maƙera ya gaida kowa yadda ya kamata, ya tambayi iyali da aiki, don shi ko faɗa zai yi sai ya cika gaisuwa. Sannan ya ajiye bindigar a gaban abokina.

"Ɗana, na aiko maka bindiga, ka mayar min da lauje."

Ya bayyana cewa makwancin ba shi da laifi, sanda tana shiga tana fita kamar an shafa mata mai. Amma tun da ta dawo bai sami ko bishiya ba. Duk abin da ya auna, dalma sai ta wuce ta damansa. Abokina ya kwance bututun, ya zura zare, ya miƙa masa. Kawu ya leƙa ya daɗe. Ya ce zaren ne karkatacce. Aka kawo wani zaren daga wurin masaƙa. Ya ce to idon bututun ne ya san yadda yake yi.

Daga nan suka juyo kaina, wai ni ne malami, kuma a gabana aka yi. Na so in ce ban kai wannan babi ba tukuna. Na dai faɗi abin da na gani: akwai rata kafin a buga, babu bayan an buga. Abokina ya ƙara da cewa shi ma abin ya tsaya masa a rai tun ranar, domin in wuta ce ta ja bututu, wajen makwancin take jansa, sama ko ƙasa. Wannan kuwa gefe ya yi. Tsohuwar lanƙwasa ce, mai yiwuwa tun kafin bindigar ta ƙetaro kogin Kwara.

Har masu raba sarautu suka saurara. Abin da kowa ya gane a lokaci ɗaya shi ne, Kawu ya yi rayuwarsa yana harbi da karkatacciyar bindiga bai sani ba. Tana jefa dalma hagu, hannunsa yana kai ta dama, su biyun sun daidaita tsakaninsu tun yana saurayi ba su gaya masa ba.

Kawu ya shafa gemu. Ya ce to shi ke nan, a mayar masa da ita yadda take.

"Baba, tanƙwarawa ba wuya," in ji abokina. "Ga guduma. Faɗa min iya inda zan tsaya."

Kawu ya mayar da bututun a kan itacensa. Ya ɗaga bindigar ya kai kafaɗa, ya sauke. Ma'aunin yana nan a kafaɗarsa, amma ba shi da hanyar fito da shi ya nuna wa wani. Abokina ya ce in ya buga a kan ƙiyasi, za a sami bindigar da ba ta san zare ba, ba ta kuma san Kawu ba. Ya ba shi haƙuri, har ya rako mu bakin kasuwa, abin da bai saba yi wa kowa ba.

Na nemi izinin mahaifina na bi Kawu gida. Muka bi ta Kiyako, muka kwana a hanya, sau ɗaya kawai ya tsaya ya yaba wa wata gonar gero.

A gida ya kafa fasasshiyar ƙwarya a kan suri ya shiga koyon bindigarsa. In ya natsu ya auna a hankali yana tuna wa kansa, yana samu. Amma biri ba ƙwarya ba ne. Da abu ya motsa sai hannu ya riga tunani, ya koma tsohuwar hanyarsa. Albarushi yana raguwa a cikin ƙaho, dawa ta sunkuyar da kai, gefen gonar da ke jikin dutse kuwa ya riga ya zama kara. Taubashina kuwa tashi ne a ransa. Na lura dai ya fara tara igiyoyin ɗaure kaya a bayan ɗakinsa. Matar Kawu, wadda muke kira Inna, takan ajiye masa tuwo ta koma ba ta tambayi yadda aka kwashe a gona ba.

Wata safiya, rana ta ɗan ɗago, muna laɓe ni da Kawu a bayan wata tsamiya, sai ga su sun gangaro. Babban yana gaba, wani mai furfura a kafaɗa, yana tafe kamar mai zagayen gandunsa. Kawu ya harba. Ƙura ta tashi kamu guda daga damansa. Ƙananan suka watse. Shi kuwa ko gudu bai yi ba, ya matsa kaɗan, ya zauna, ya karyo zangarniya ya shiga ci yana kallon inda muke.

Kawu ya zare sanda daga makwancinta, ya ɗura cikin saurin da ban taɓa ganin irinsa ba, ya mayar. Ya kai kafaɗa. Na ga bakin bindigar yana rawa, yana son zuwa dama, yana dawo da shi. Sai ya sauke.

Taubashina ya ji ƙarar, ya taho ta cikin dawa da fartanya a hannu, ya tsaya a bayanmu. Shi maharbin baka ne, ya kuma taɓa harba bindigogin abokai a farauta, amma wannan ko gogewa ba a ba shi ya yi. Kawu bai waiwaya ba. Ya miƙa masa ita ta gefe, kamar mai miƙa abin da ba nasa ba.

Taubashina ya dubi bindigar, bai karɓa nan da nan ba.

"Baba, ka san in na same shi mun zauna ke nan."

"Na sani. Kana iya kuskurewa. Ba wanda zai ce maka komai, kuskure ya zama ɗan gida."

Ya jingine fartanya a jikin tsamiya, ya karɓa. Ya daɗe yana aunawa, har na fara zaton yana neman inda zai jefa dalmar ne ta tafi salin-alin. Birin ya karyo zangarniya ta biyu, ya yi hamma, ya nuna mana haƙoransa duka. Ina jin hammar ce ta yanke shari'ar. Bindiga ta tashi, hayaƙi ya rufe mu, da ya washe sai ga shi kwance, sauran kuwa suna hawan dutse suna kururuwa.

Taubashina ya mayar wa mahaifinsa bindigar, ya ɗauki fartanyarsa. Da ya zo wucewa ta gabana ya ce a hankali, "Bawana, ka shaida, yau na harbi kaina."

Birai ba su sake gangarowa da yawa ba a wannan kaka. In sun gwada, sukan tarar da mutum biyu a gindin tsamiya, tsoho yana ɗuri, ɗa yana harbi. An girbe abin da ya saura, ya kuwa isa har ya yi rara. Igiyoyin da aka tara don ɗaure kaya, da su aka ɗaure dammunan dawa. Sun ƙara shekaru masu dama a gindin dutsen nan, har Allah ya karɓi ran Kawu a ɗakin da ya gina da hannunsa. Bai sake jan kunama ba. Amma shi ke daka albarushi, shi ke narka dalma, shi ke goge makwancin da man shanu don kada ya yi tsatsa, kuma in ɗansa ya kuskure, a kan ɗuri ba a taɓa ɗora laifin ba.

Na tsaya har aka fara sussuka. Ranar da zan koma Birnin Kudu na bar taubashina yana kwaɓa ƙasa zai ƙara rumbu, yana mita shi kaɗai. Kawu kuwa yana zaune a inuwa da wasu baƙi daga Gwaram, bindiga a kan cinyarsa, yana ba su labarin yadda suka harbe babban birin nan.